Fenaritin Baba Madfa

"Kawar da abin ga daga huskata."

Saurayin da ya ɗaga wayar bai kawar ba, don Hausar ba ta shige shi ba. Daga unguwar Shisha ya yi takakkiya, sanye da rigar ƙungiyarsu ta ƙwallo, an aske masa gefen kai an bar tsakiya a tsaye kamar zakara.

"Sura wahda bas, ya ammi," in ji shi. Hoto ɗaya kawai yake so.

Baba Issoufou ya dube shi daga aski zuwa takalmi. Yana zaune a kan bencin ƙofar shagon Abdulwasi'u mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a gindin matakalar da ke hawa dutsen bayan unguwar Rusaifa a ƙasa mai tsarki, inda yake zama kullum daga hantsi ba tare da kowa ya gayyace shi ba.

"Kai ne mai lamba tara? Na gan ka ran Juma'a. Raga a buɗe, ka aika ƙwallo Ɗa'ifa. Hwaɗa mishi, Abdulwasi'u."

Abdulwasi'u ya ajiye sukundireba. Wannan aikin tafinta ba wanda ya ɗora masa shi, ba kuma wanda ke biyansa. Tsohon ya iya Larabci kamar ruwa, a garin nan ya yi wayo, amma a cewarsa zagi ba ya kama jiki sai da Hausa. Don haka shi zai zaga, Abdulwasi'u ya wanke zagin ya miƙa.

"Ya ce Allah ya yi maka albarka, kana da gudu," Abdulwasi'u ya faɗa da Larabci. "Hoto ne dai likita ya hana shi."

"Kazzab, maƙaryaci," in ji tsohon, sannan ya juya harshe ya maimaita wa yaron maganar Ɗa'ifa da Larabci tsantsa, har da ƙarin cewa askin ya fi wasan kyau, askin ma bai yi ba.

Yaron ya tafi yana dariyar dole. Abdulwasi'u ya bi shi da kallo, ya san wannan gidan ba za su ƙara kiransa gyara ba.

"Baba, me zai rage ka? Ka tsaya, a ɗauka, a tafi."

"In tsaya kusa da wanga? Jikoki su gani su ce abokina ne?"

Madfa ake ce masa, wato igwar nan da ake bugawa da azumi, saboda ƙafarsa ta hagu. Iyayensa ne suka zo da shi daga Tawa yana ƙarami, suka yi hajji suka zauna. A zamaninsa, in Nujumul Jabal za ta yi wasa a filin unguwa, masu shaguna rufewa suke yi. Ana cewa ya taɓa karya turken raga da bugu ɗaya. Wasu sun ce turke biyu, ya danganta da shekarun mai ba da labarin. Manyan ƙungiyoyi sun zo kallonsa, suka tambayi takardar zama a ƙasa, suka koma. Lokacin da takardar ta samu, gwiwoyi sun riga sun tafi. Ba wanda ya ɗauki wasansa a bidiyo, don haka ba mai iya musu, shi kuwa ya riƙe wannan damar da hannu biyu.

Abdulwasi'u bai taɓa ganin ya buga ba. Shi daga Kano ya zo da iƙama, takardar izinin zama, kuma tarihinsa a ƙwallo ya ƙare tun firamare, inda ake sa shi a raga saboda faɗinsa. Abin da ya sani game da Madfa shi ne shayinsa da ake shanyewa da kwastomominsa da ake kora. Sai kuma ɗansa Sami, golan Nujumul Jabal na yanzu, wanda tsohon ya raɗa wa suna Rariya tun yana ɗan shekara goma, sunan ya bi shi har ya yi gemu.

Ran nan da yamma, bayan an raka tsohon ya hau gida, Sabitu shugaban ƙungiya ya shigo shagon da fuskar ta'aziyya.

"Ka ji abin da Zali ta ce?"

Ya ji. Zali ita ce 'yar tsohon da ke kula da shi. Asibiti sun sallamo shi da jakar magani, sun ce zuciyar ta gaji, a bar shi ya ci abin da yake so.

"To mun zauna," in ji Sabitu. "Za mu yi masa i'itizal. Mutum kamar wannan a ce ba a yi masa wasan ban-kwana ba, abin kunyarmu ne."

Kowa a hara, wato unguwar, ya san yadda ake yi. A tara ƙungiya biyu, a sa wa tsoho riga, ya taɓa ƙwallo, 'yan baya su dare, gola ya faɗi wani gefe, ƙwallo ta shiga. Sai a ɗaga shi a kafaɗa a zaga fili, a ba shi allon girmamawa, kowa ya yi hawaye ya koma gida.

"Kai za ka gaya masa," in ji Sabitu.

"Me ya sa ni?"

"Kai ka saba."

Washegari Abdulwasi'u ya jira aka sha kofi na biyu kafin ya kawo maganar. Tsohon ya saurara yana busa shayi.

"Ban-kwana? Wa ya ce na bari?"

"Baba, rabonka da fili tun kafin a haifi Sami."

"Ba a kira ni ba ne."

Abdulwasi'u ya dubi sama, ya nemi haƙuri inda ake samunsa.

"Na san wasan ga," tsohon ya ci gaba. "Na ga wanda aka yi ma wasu. A kawo tsoho kamar ragon suna, gola shi kwanta kamar an harbe shi tun ba a buga ba. Ni ba a yi mini sadaka da raga." Ya murza gwiwar hagu. "Fenariti guda. Gola na gaske, in akwai. Wanda duk ya kauce mini, ban yahe ba, duniya da lahira. Kuma ba mai ɗaukata a kahwaɗa ina da rai. Ka yi rantsuwa."

Abdulwasi'u ya rantse. Ya ga kamar ya fi sauƙi.

Da ya kai wa Sabitu sharuɗɗan, Sabitu ya ce, "Tayyib, ya fi ma. Ka gaya wa ɗanka ya faɗi dama. Mutum yana bakin kabari a gaban jama'a, wallahi in ƙwallon nan ba ta shiga ba, ba za mu iya kallon Zali ba. Ka yi mini alkawari."

Abdulwasi'u ya yi alkawari. Haka ya rayu a garin nan shekara da shekaru, yana ce wa kafili, ubangidan da ke riƙe da takardarsa, to, yana ce wa kwastoma to, yana barin gobe ta san yadda za ta yi. Sai dai wannan karon duka "to" biyun a hannun ɗansa suka sauka.

Ya tare shi a wajen cin abincin rana.

"Abuya, ban gane ba," in ji Sami, Hausarsa tana tafe tana jingina da Larabci. "In kama, walla in bari?"

"Ka yi abin da ya dace."

"Wanne ne?"

"Amsar ubanku ke nan tun da na san shi," in ji Maijidda, mahaifiyar Sami, tana zuba miya. "Ni ma da na tambaye shi yaushe za mu koma Kano haka ya ce."

Abdulwasi'u ya tsame hannu daga kwano. "To saurara. Ka bari ta shiga. Amma ka faɗi da ƙarfi, ka yi ƙura, ka buga ƙasa da hannu kamar abin ya ba ka haushi. Kada ya gane."

"Ya ce bai yafe ba."

"Bai yafe wa kowa ba tun da aka haife ka. Ɗaya ba zai ƙara nauyi ba."

Sami ya ɗaga kafaɗa. "Khalas. Ai Rariya ne ni."

An yi wasan ranar Asabar bayan La'asar, a wani filin ƙasa da ke gefen Muzdalifa, inda motocin alhazai ke cika da hajji, sauran shekara kuma sai iska da 'yan ƙwallo. Tsohon ne ya zaɓi wurin, ya ce ba zai taka ciyawar roba ba, darduma ta salla ce. Jama'a sun zo fiye da yadda aka zata. Tsofaffi da sanduna, mata a cikin motoci an sauke gilashi, samari da wayoyi a sama. Mai askin zakara ma ya zo.

Abdulwasi'u ne ya kawo shi a motar shago, shi ya ɗaure masa takalman, wasu baƙaƙe da fatarsu ta tsattsage. Sabuwar rigar da aka buga wa sunansa ya ƙi sawa, ya ce ta yi kama da ledar burodi.

Kuskuren Sabitu shi ne miƙa masa makirufo.

"Na kalli ɗumama jikinku," in ji Baba Madfa, muryarsa tana fita daga lasifika har duwatsu suna maimaitawa. "Allah shi ba iyayenku haƙuri."

Tsofaffi suka fashe da dariya. Samari suka juyo suna neman Abdulwasi'u da ido.

"Ya ce ya gode!" ya ɗaga murya da Larabci. "Ya ce kun cika 'ya'ya!"

Aka share fili. Tsohon ya miƙa wa Abdulwasi'u sandarsa, ya karɓi ƙwallo daga hannun alƙali, ya juya ta, ya matsa, ya ce iska ta yi yawa. Ya sunkuya zai ajiye, sunkuyawar ta ɗauki lokacin da jama'a suka fara kallon ƙasa. Ya miƙe. Ya ja baya kaɗan. A raga Sami yana tsaye da safar hannu masu ruwan lemo, fuskarsa ba ta ce komai ba.

Abdulwasi'u ya rungume sandar, yana addu'ar da shi kansa bai san wanne gefe take goyon baya ba.

Usur ya tashi.

Ba igwa ba ce. Gaskiya ko bindigar wasan yara ba ta kai ba. Amma ƙwallon ta fita a ƙasa, a miƙe, ta nufi gindin turken hagu kamar an ja mata layi. Sami ya riga ya karkata dama, kowa ya gani. Sabitu har ya ɗaga hannu zai fara kabbara. Sai yaron ya taka, ya juya jiki, ya tashi gaba ɗayansa ya faɗa hagu. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, yana kwance a kan layi, ƙwallo a ƙirjinsa, ya naɗe ta da hannu biyu.

Filin ya yi tsit, har ana jin motoci a titin nesa. Sannan wani ya jefa silifa.

"Haram alek!" wata mata ta yi ihu daga cikin mota.

"A sake!" Sabitu ya ruga wajen alƙali. "Gola ya motsa kafin bugu! I'ada, i'ada!"

Alƙali, mutumin kirki, ya busa ya nuna a sake.

"Ba a sakewa," in ji tsohon. Yana haki, hannu ɗaya a ƙirji. Bai ɗaga murya ba, amma an ji. "Bai motsa ba. Ya kama."

"Baba, ai doka ce..."

"Kai ka san doka? Kawo sandata."

Samarin da aka shirya don ɗaukarsa suka matso duk da haka, don an riga an gaya musu. Na farko ya sha sanda a ƙauri, sauran suka tuna suna da abin yi. Aka tura masa allon girmamawa a hannu, katako mai nauyi da farantin ƙarfe, ya saƙale shi a hammata bai ko karanta ba. Da ƙafarsa ya taka har mota. Duk hanyar komawa Rusaifa magana ɗaya ya yi.

"Motarka ba ta sanyi. Kai da sana'arka."

Kafin Magariba bidiyon ya zaga kowace waya a hara. Aka ce Sami ba shi da zuciya. Aka ce tarbiyya ce. Mai burodi ya ba Abdulwasi'u canji ba tare da ya kalle shi ba. Sabitu ya daina ɗaukar waya, sai saƙo ɗaya da ya turo: jazakallahu khairan, wanda duk mai hankali ya san ba addu'a ba ce.

"Me na ce maka?" Abdulwasi'u ya tsare ɗansa a ƙofar ɗaki. "Ƙasa na ce ka buga da hannu. Abu ɗaya! Shekara nawa yana ce maka Rariya, sai yau ka zaɓi ka toshe?"

Sami yana shafa wa gwiwar hannunsa magani, fata ta saluɓe. "Na tafi dama, abuya. Wallah na tafi."

"To me ya dawo da kai?"

"Ya kalli dama." Ya nemi kalmar da Hausa, bai samu ba, ya nuna da idonsa. "Kafin ya buga. Ya kalli dama don in bi, ya buga hagu. Yana yaudarata. Da gaske yake wasa, abuya. Kef zan yi masa ƙarya?"

Abdulwasi'u ya juya. Ya tafi ya kunna talabijin da ƙarfi.

Daga ranar tsohon bai ƙara saukowa benci ba. Shagon ya yi shiru, kwastomomi suna shigowa suna fita ba wanda ya ce musu komai game da tafiyarsu. Abdulwasi'u ya ci gaba da dafa shayi na mutum biyu, yana jin haushin kansa yana shanyewa. Kuma a ransa ya gama yanke hukunci: su ne suka kwantar da shi, shi da ɗansa.

Ana nan sai Zali ta aiko. Mukayyif ɗin ɗakin Baba yana zubar da ruwa, kuma ya ce a zo da Rariya.

Suka hau. Matakalar doguwa ce, ƙunci gare ta, da kwana a tsakiya inda ruwan wanki ya mai da siminti santsi. Abdulwasi'u ya tsaya sau biyu yana duba wayarsa, wadda ba a kira ba. A sama suka tarar da ƙofar gidan a buɗe, an tokare ta da allon girmamawa don iska ta shiga.

Tsohon yana kwance, ya ragu ƙwarai, ƙafafun sun kumbura. Idon dai yana nan. Bai amsa gaisuwa ba, hannun Sami ya nuna.

"Nuna." Ya dubi ciwon. "A kan gwiwar hannu ka hwaɗi. Wa ya koya maka? A kahwaɗa ake sauka. Kuma ka yi jinkiri. Da ƙwabrina na da ne, da kai da ƙwallon da ragar duka kuna Arafa."

"Esh gal?" Sami ya tambayi ubansa.

"Ya ce Allah ya ba ka lafiya."

"Kazzab," in ji tsohon, ba ƙarfi. Ya yi tari. Zali ta gyara masa matashi, ya ture hannunta, sannan ya bar ta ta gyara.

"Abdulwasi'u."

"Na'am, Baba."

"Matakalar ga. Motar asibiti ba ta hawowa, ka sani. Ranar da za a sauke ni, kai kar ka kama, gwiwarka ta riga ni mutuwa. Sabitu kuma magana zai tsaya yi. Waɗancan ɗiyan, tire na shayi ma ban ba su." Ya numfasa. "A ba Rariya wajen kai. Nan nauyi ke taruwa in ana gangara."

"Baba, bar wannan maganar."

"Shi ba shi saki."

Ruwan mukayyif yana ɗiga a bokiti. Sami ya dubi tsohon, ya dubi ubansa.

"Esh gal, abuya?"

Abdulwasi'u ya laluba inda yake ajiye kalmomin wanki, ya tarar ba abin wankewa. Ya fassara masa kalma da kalma, har da maganar gwiwa da tiren shayi. Ya jira a ce masa kazzab. Tsohon ya rufe ido kawai.

"Gyara abin ga ku tahi," in ji shi. "Kun cika mini ɗaki."

Ya rasu wata Laraba da hantsi, daidai lokacin da ya saba saukowa. Zali ta ce abu na ƙarshe da ya faɗa shi ne kunun ya yi ruwa.

Motar da za ta kai shi wanka, daga can a wuce Harami don sallar La'asar, ta tsaya a ƙasa ƙofar shago. Unguwa ta cika. Duk wanda ya taɓa shan zagi ya zo, wato kowa. Nujumul Jabal suka jeru a matakala, mai askin zakara a cikinsu ya sa hula. Sabitu ya fara tsara wanda zai kama ina, yana nuni da hannu, har ya kai ga gaba.

"Wajen kai na Sami ne," in ji Zali daga bayan labule. "Shi ya ce."

Sabitu ya tsaya da hannu a sama. Ya dubi Abdulwasi'u, Abdulwasi'u ya gyaɗa kai. Aka buɗa wa yaron hanya, mutanen da suka yi makonni ba sa amsa sallamarsa.

Suka ɗaga. Ya fi yadda ake zato nauyi, aka ji wani ya ce bismillah da ƙarfi. Suka fita a karkace don ƙofar ba ta da faɗi, suka fara gangara, Sami a gaba, itacen makara a kafaɗarsa, hannu biyu a naɗe da shi. A wajen kwanar mai santsi ƙafar wani na baya ta zame, makarar ta yi gaba da dukan nauyinta, mata suka yi salati a sama. Sami ya durƙusa kaɗan, ya cije, ya tsaya cik har na bayan ya samu ƙasa. Sannan suka ci gaba.

Abdulwasi'u bai kama ba, an hana shi. Shi ya rage a sama na ƙarshe, yana jiran gwiwarsa ta yarda. Ya juya zai ja musu ƙofa, ta ƙi. Allon yana nan a gindinta, ƙura ta rufe rubutun, gefe ɗaya ya goge inda ƙofar ke bugunsa. Ya sunkuya zai cire, sai ya fasa. Ya bar ta a buɗe, ya dafa bango, ya fara sauka.